Yadda Za Ka Ratsa Tsaunukan Cévennes na Faransa da Ƙafa, Ba Mota

A duk lardunan Faransa babu wanda ya kai Lozère ƙarancin jama'a. Mutanen da ke cikinsa gaba ɗaya ba su kai 80,000 ba, wata unguwar a Kano ma ta fi shi. Tsaunuka ne da dazuzzuka da filayen kiwo, sai ƙauyukan da aka gina da dutse, wani gida goma ne kacal da coci ɗaya. Ta tsakiyarsa wata hanyar ƙafa ta ratsa mai lamba GR 70, wadda ta taso daga garin Le Puy-en-Velay a arewa ta dire a Alès a kudu, kimanin kilomita 270. Ita nake so in nuna wa marar mota yadda zai bi, ko ɗalibi ne da ke karatu a Liyon ya samu hutun mako biyu, ko baƙo ne da ya taso daga gida takanas.

Ana kiranta Chemin de Stevenson, da sunan wani marubuci ɗan Sikotland, Robert Louis Stevenson, wanda ya bar ƙauyen Le Monastier-sur-Gazeille ran 22 ga Satumba 1878 da macen jaki ɗauke da kayansa, ya isa Saint-Jean-du-Gard bayan kwana 12. Wannan sunan za ka riƙa gani a alluna, don haka ka riƙe shi.

Ƙafa ba ita ce abin damuwa ba a wannan tafiya. Duk mai lafiyar da zai iya taka kilomita 20 a yini zai gama ta. Abubuwa uku ne ke ɓata wa mutum shiri: jadawalin jirgin ƙasa, wurin kwana, da lokutan da ƙauye yake buɗewa yake rufewa. A kan waɗannan ukun ake gina komai, tun kana gida.

Mataki na farko: lokaci da takardu

Tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, ko kuma farkon Satumba. Kafin Mayu ana iya tarar da dusar ƙanƙara a kan tsaunin Mont Lozère, kuma masaukai da yawa ba su buɗe ba. Yuli da Agusta lokacin hutun Faransawa ne, gado yana wuya, ga zafi a ɓangaren kudu. Daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba kuwa yankin yana da wani irin ruwan sama da har ya samu suna, épisode cévenol: iska mai ɗumi ta taso daga Bahar Rum ta ci karo da tsaunuka, sai a yi ta zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙoramar da ka tsallake jiya da taki ɗaya ta zama kogi. Ni dai Yuni na fi so, don yini yana da tsawo, kuma lokacin ne garken tumaki ke hawa tudu.

Wanda zai taso daga gida yana buƙatar bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ke ba da kwana 90 a cikin kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana fara cike takardu a shafin France-Visas, ana kuma iya nema tun ana saura wata shida. Za a tambaye ka inda za ka kwana, shi ya sa duk masaukin da ka kama ka roƙi mai shi ya aiko maka da tabbaci a rubuce ta imel.

Mataki na biyu: karanta layin dogo kafin ka karanta hanya

Nan ne zuciyar shirin, a nan zan ɗan daɗe. Ka buɗe taswira ka raba hanyar gida biyu.

Rabin arewa jirgin ƙasa yana kusa da kai. Le Puy-en-Velay yana da tasha: daga Faris ka hau jirgi mai gudu na TGV zuwa Liyon, awa biyu, daga nan ka kama ƙaramin jirgin yanki, TER, ta Saint-Étienne zuwa Le Puy. Bayan kwana uku ko huɗu kana tafe za ka sauko Langogne, wanda ke kan layin da ya haɗa Clermont-Ferrand da Nîmes. La Bastide-Puylaurent ma kan wannan layin yake. Chasseradès kuma yana kan reshen da ya tashi daga La Bastide zuwa Mende, babban birnin lardin. Ke nan in ƙafa ta kumbura ko hutu ya ƙare, akwai ƙofar fita har uku.

Da ka wuce Chasseradès, kai da jirgin ƙasa sai Alès. Le Bleymard, Le Pont-de-Montvert, Florac, Saint-Germain-de-Calberte, babu mai tasha a cikinsu. Abin da ake da shi motocin safa ne na hukumar yankin Occitanie masu suna liO, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ke haɗa Florac da Mende da Alès. Sai dai fa jadawalin motocin karkara a Faransa yakan bi zangon karatun yara: motar da ke tashi ranar Talata lokacin makaranta ba lalle ta tashi ranar Lahadi ko lokacin hutu ba. A ƙasan kowane jadawali akwai ƙananan rubutu da ke bayyana haka, kuma su ne ainihin jadawalin. Ka karanta su sau biyu.

Saboda haka shawarata ita ce ka tsara tafiyar daga ƙarshe zuwa farko. Ka fara tsayar da ranar da jirginka na komawa zai tashi, ka tabbata ba Lahadi za ka fito daga tsauni ba, sannan ka riƙa ƙirga zanguna da baya-baya har ka iso ranar farawa. Ka bar kwana ɗaya rara a tsakiya. Tikitin jirgin ƙasa ana sayensa a manhajar SNCF Connect. Na TGV in ka saya da wuri ya fi araha nesa ba kusa ba. A kan layin Cévennes, wato na Clermont-Ferrand zuwa Nîmes, jirage kaɗan ne a yini, wanda ya wuce ka zai iya cinye maka rabin rana, wani lokacin ma kwana.

Mai mako guda kacal ya sauka a La Bastide-Puylaurent ya fara daga nan zuwa Saint-Jean-du-Gard, kwana shida ko bakwai. Wannan rabin ne ya ƙunshi babban tsauni da kwaruruka, kuma shi zan zaɓa wa kowa in sai an zaɓa.

Mataki na uku: wurin kwana

Masaukin matafiya a ƙafa shi ake kira gîte d'étape. Ɗaki ne mai gadaje huɗu zuwa goma, da banɗaki na tarayya, wani da madafi. Akwai kuma chambre d'hôtes, wato ɗaki a gidan wani, ya fi tsada amma kai kaɗai ne. Kalmar da za ka nema ita ce demi-pension, ma'ana gado da abincin dare da karin kumallo. Ka ware kamar Yuro 50 zuwa 60 kowane dare don wannan, da wani 10 zuwa 15 na abincin rana.

Ƙauye irin Cheylard-l'Évêque ko Cassagnas gadajensa ƙalilan ne, in sun cika babu na gaba sai ka ƙara tafiyar awa uku ko huɗu. Ka kama wuri tun ana saura wata biyu ko uku. Ƙungiyar masu masaukai da masu hidimar hanyar, wadda aka kafa a 1994, tana fitar da jerin masaukai kowace shekara, da lambobin wayarsu. Waya ta fi imel saurin samun amsa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi masu jin Faransanci sun huta a nan. Wanda Ingilishi kawai yake ji ya rubuta jimlolinsa a takarda kafin ya buga.

Ka taho da tsabar kuɗi, don masaukai da dama ba sa karɓar kati, kuma injin cirar kuɗi sai a manyan garuruwa irin su Langogne da Florac. In ka isa aka ce ka bar jakarka da takalmanka a bakin ƙofa, ka shiga da abin buƙata kawai a cikin kwando, kada ranka ya sosu. Tsoron kuɗin cizo ne, kowa haka ake yi masa.

Mataki na huɗu: kaya

Jakar goyo kada ta wuce kilo 8 zuwa 10, har da ruwa. Takalmi wanda ka riga ka taka da shi na makonni, don sabon takalmi shi ke kawo bororo a rana ta biyu. Safa mai kauri ƙafa uku, riga biyu ta tafiya da ɗaya ta dare, rigar ruwa, rigar sanyi, hula, zanen kwana mara nauyi (masaukai suna ba da bargo), gorar ruwa ta lita biyu, filasta, tocila, sanda. Kada ka raina sanyin: tudun Velay, inda tafiyar ke farawa, ya haura mita 1,000, safiyar Yuni a can ta fi asubar hunturu cizo.

Wanda bayansa ba zai ɗauka ba, akwai kamfanin La Malle Postale da ke kai jaka daga masauki zuwa masauki, yana kuma ɗaukar mutane a ƙaramar mota in an kama wuri tun da wuri. Akwai kuma masu ba da hayar jaki da mangalarsa. Jaki yana ɗaukar kilo 30 zuwa 40, yana tafe sannu, kuma dole ka zaɓi masaukai masu wurin ɗaure shi. Ga mai tafiya da yara abu ne mai daɗi. Bahaushe ba baƙon jaki ba ne, amma a can ba a dukansa, za a nuna maka yadda ake goge masa jiki da duba kofatonsa kowace safiya.

Mataki na biyar: alamun hanya

Duk hanyar GR alamarta ɗaya: layin farin fenti a sama, ja a ƙasa, a jikin bishiya ko dutse ko bango. In layukan sun lanƙwasa, kwana ce. In sun gitta juna, ba nan ba ne, koma. Alamar ruwan ɗorawa ta ƙananan hanyoyin zagaye ce, ba taka ba. Ƙa'ida ita ce in ka yi minti goma ba ka ga fari da ja ba, ka juya zuwa alamar ƙarshe da ka gani, kada ka ce za ka yanke.

Hattara ɗaya a Le Puy. Daga wannan garin ne shahararriyar hanyar masu ziyarar ibada ta Kirista, GR 65, take tashi zuwa Sifen, ita ma fari da ja ce, kuma mabiyanta sun fi yawa. In ka bi ayarin da ya fito daga babban coci da safe, yamma za su kai ka. Taka hanyar kudu maso gabas ta nufa, wajen Le Monastier. Ka riƙa duba lamba 70 a alluna. Ka sauke taswirar IGN, hukumar taswirori ta Faransa, a wayarka don cikin kwari sabis yana ɗaukewa, ka kuma sayi ɗan littafin hanya na FFRandonnée, hukumar masu yawon ƙafa ta Faransa. Lambar neman agaji 112 ce.

Mataki na shida: zango-zango

Kwanakin farko ƙasar Velay ce, ta tsofaffin duwatsu masu aman wuta, baƙar ƙasa mai gonakin wani ɗan wake kore da ake kira lentille, wanda Le Puy ya yi suna da shi. Le Puy zuwa Le Monastier kamar kilomita 19. Washegari za ka gangara Goudet ka tsallake kogin Loire tun yana ƙarami, ka sake hawa zuwa Le Bouchet-Saint-Nicolas, daga nan Pradelles, sai Langogne. A Langogne ka yi cefane sosai, don gari mai shaguna irinsa sai Florac.

Daga nan ka shiga Gévaudan, ƙasar dazuzzuka, inda tsakanin 1764 da 1767 wata dabba ta yi ta kashe mutane har labarin ya kai fadar sarki. Yau abin da ya rage sai gumakanta a dandalin garuruwa. Za ka bi ta Cheylard-l'Évêque da Luc zuwa La Bastide. Akwai ratse zuwa gidan ibadar Notre-Dame-des-Neiges, inda Charles de Foucauld ya shiga a 1890, mutumin da daga baya ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasset ta Aljeriya har aka kashe shi a 1916. Sai Chasseradès da doguwar gadar jirgi ta Mirandol, sai Le Bleymard.

Ranar da za ka tashi daga Le Bleymard ita ce babbar rana. Hanya tana hawa har bishiyoyi su ƙare, sai ciyawa da iska, har ƙololuwar Finiels mai tsayin mita 1,699, wuri mafi tsayi a tafiyar. Turbar da za ka bi sunanta draille, kuma fassararta a Hausa ɗaya ce: burtali. Ta irinta makiyaya ke koro tumaki daga zafin filayen kudu zuwa tudu a watan Yuni, su sauko da kaka, kamar yadda Fulani ke tashi da shanu in damina ta kama ko rani ya tsananta. Saboda wannan al'adar kiwon ne hukumar UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. A gefen burtalin an kakkafa dogayen duwatsu a jere, montjoies, domin matafiyi kada ya ɓace. Ranar da na hau, hazo ya rufe tun kafin hantsi, ba na ganin abin da ya wuce taki ashirin. Na dafa dutse ɗaya, sanyi da laima a tafin hannuna, na tsaya har na hango inuwar na gaba, sannan na ɗaga ƙafa. Can ƙasa ina jin ƙararrawar tumaki amma ban ga ko ɗaya ba. Haka na yi kusan awa guda, dutse bayan dutse. In an yi hasashen tsawa ranar, kada ka hau. Ga amfanin kwanan da ka bari rara.

A irin wannan wuri za ka iya haɗuwa da patou, wani farin kare ƙato da ke gadin garke. Kada ka ratsa tsakiyar tumaki, kada ka ruga, kada ka ɗaga sanda ko dutse. Ka tsaya cik, ka bar shi ya shinshina, ka kewaye garken daga nesa. Da yamma kuma ka duba jikinka saboda kaska, musamman bayan gwiwa da ƙugu, don tana ɗauke da cutar Lyme.

Gangara mai duwatsu za ta kai ka Le Pont-de-Montvert a bakin kogin Tarn. A wannan ƙaramin gari ne a watan Yulin 1702 aka fara boren Camisards, talakawa mabiya ɗariƙar Furotesta da Sarki Louis na 14 ya haramta wa addininsu, suka riƙa taruwa a ɓoye cikin daji suna ibada. Har yau za ka ga kaburbura a cikin gonakin gidaje, domin a da an hana su maƙabartar gari. Mai son ƙarin sani ya tsaya a gidan tarihi na Musée du Désert da ke Mialet a zangon ƙarshe.

Daga nan zuwa Florac shi ne zango mafi tsawo, kusan kilomita 28 ta kan tsaunin Bougès, kuma babu shago a hanya. Ka fita da sassafe da ruwa cikakke da guzuri. Florac nan ne hedikwatar gandun dajin ƙasa na Cévennes, wanda aka kafa a 1970. A cikinsa ba a hura wuta, ba a tsinkar fure yadda aka ga dama, ba a barin shara. Bayan Florac za ka bi tsohon layin dogo da aka rufe a 1968, ta kwarin Mimente zuwa Cassagnas, shimfiɗaɗɗiyar hanya har da ramukan da jirgi ke ratsawa a da. Daga nan ƙasa ta canja: zafi, kukan gyare, da dazuzzukan châtaignier, wata bishiya mai 'ya'ya a cikin ƙwanso mai ƙaya, waɗanda mutanen yankin suka rayu a kansu ƙarni da ƙarni, suna busarwa suna niƙawa, har suna ce mata bishiyar burodi. Sai Saint-Germain-de-Calberte, sai hawa na ƙarshe a Col de Saint-Pierre, ka gangara Saint-Jean-du-Gard.

Mataki na bakwai: ci, sha, salla

Agogon ƙauye sai ka koye shi. Shago yakan rufe wajen 12:30 na rana ya buɗe 3 ko 4, yakan rufe Lahadi da rana, da yawa kuma ba sa buɗewa Litinin. Na taɓa isa wani ƙauye ranar Litinin da azahar na tarar da shagonsa ɗaya tilo a kulle, dabinon da ke aljihun jakata ne ya kai ni masauki. Tun daga ranar nake roƙon mai masauki tun da dare ya haɗa mini abincin rana, pique-nique, kuma ba na rabuwa da dabino da gyaɗa.

Abincin dare a gîte wajen ƙarfe 7 ne ko 7:30, tebur ɗaya, tukunya ɗaya, kowa da kowa. In ka makara ka yi waya. Yankin na masu cin alade ne ƙwarai, yana zuwa a siffar jambon da saucisson da lardons, waɗannan na ƙarshen ƙananan yanka ne da ake barbaɗawa cikin miya da wake ba ka ankara ba. Ranar da kake kama ɗaki ka ce "sans porc, sans alcool", ko ka nemi abincin ganye gaba ɗaya, "végétarien", wanda ya fi kwantar da hankali ga mai kiyaye yanka. In ka faɗa da wuri ana yi maka da farin ciki: ƙwai, wake, dankali, da cukun awaki na yankin mai suna pélardon. Faɗa a kan tebur ne ke sa mai gida jin kunya.

Ruwan famfon gida ana sha. A maɓuɓɓugar gari ka duba allo, in an rubuta "eau non potable" ba na sha ba ne. Maƙabartar ƙauye galibi tana da famfo kusa da ƙofa. Masallaci kuwa sai manyan garuruwa irin Alès da Nîmes, don haka ka ɗauki 'yar dardumar aljihu. Alƙibla gabas maso kudu take. A ƙarshen Yuni magariba sai wajen 9:30 na dare, asuba kuma da wurwuri, ka tsara barcinka a kan haka, tare da sauƙin ƙasaru da aka yi wa matafiyi. A ɗakin tarayya ka shirya kayan alwala tun dare, ka fita a hankali kada ka tashi mutane.

Sai gaisuwa. Duk shagon da ka shiga, duk dattijuwar da ka tarar a ƙofar gida, ka fara da "bonjour" kafin kowace tambaya. Matsayin sallama take da shi a wurinsu, wanda ya tsallake ta ana yi masa kallon marar tarbiyya. Mu da muka tashi da gaisuwa mai tsawo wannan ba ya mana wuya, kuma da ita ake samun ruwan sanyi da kwatancen hanya.

Mataki na ƙarshe: fita

Daga Saint-Jean-du-Gard kana da zaɓi uku. Ka ƙarasa da ƙafa ta Mialet zuwa Alès, kamar kilomita 25 masu hawa da sauka cikin rana. Ko ka hau motar safa zuwa Alès. Ko kuma, in lokacin aikinsa ne, ka hau tsohon jirgin gawayi na 'yan yawon buɗe ido mai tafiyar kilomita 13 zuwa Anduze, daga can ka kama mota. Alès zuwa Nîmes bai kai awa guda ba a TER, daga Nîmes kuma TGV zai kai ka Faris cikin kamar awa uku. Ka duba tikitinka da kyau, domin tashar Nîmes biyu ce: ta cikin gari, Nîmes-Centre, da Nîmes-Pont-du-Gard da ke wajen gari. Jirgin Alès a ta cikin gari yake sauke ka, don haka in naka daga ɗaya tashar zai tashi, ka bar wa kanka aƙalla awa guda a tsakani.